Injin da Sallau Ya Ƙi Wankewa

An yi wani mutum a wani gari. Ba zan faɗi sunan garin ba, don na san halinku, kafin a kira isha'i wani zai ce ai garin kakarsa ne. Ba a zamanin da can ba ne, ba kuma jiya ba. Lokacin dai wutar lantarki ta riga ta shiga garin, ta kuma riga ta koyi halinta na zuwa ba sallama, tafiya ba sallama. To ku matso, ku saurara. Kai ma da ka jingina da ginshiƙi, buɗe idonka, labarin abinci ne, na san ba za ka so ya wuce ka ba.

Sunan wannan bawan Allah Sallau, sana'arsa markaɗe. Yana da injinsa guda ɗaya mai aiki da lantarki, a wata 'yar rumfar kwano a bakin layi. Matan unguwa su kawo jiƙaƙƙen wake, su kawo jiƙaƙƙen gero, su kawo tattasai da tumatir, ya markaɗa musu. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. In ka gan shi a masallaci ma a sahun baya za ka gan shi, don kullum yana tsoron kada ƙullun da ya bushe a rigarsa ya shafi farar rigar wani.

Aibinsa ɗaya, in ma aibi ne: tambaya. Sallau ba ya ganin abu ya wuce. Me ya sa ƙullun koko yake saurin tsami da bazara, amma da sanyi sai ya kwana bai yi ba? Me ya sa albasa take sa hawaye a hannu, amma in ta shiga miya ta daina? Me ya sa wake in ya jiƙa yake kumfa? Ya tambayi babba, ya tambayi ƙarami, har mutanen unguwa suka laƙaba masa suna Sallau Me-ya-sa. Matarsa Asabe takan ce masa, “Malam, kai dai ranar da aka sa ka a kabari, ina jin kai za ka riga mala'iku fara tambaya.” Sai ya yi dariya ya ce, “To me ya sa kika ce haka?”

A unguwar nan akwai wata dattijuwa, ana ce mata Gwaggo Yalwa. Ba 'yar garin ba ce, aure ne ya kawo ta tun tana da ƙuruciya, mijin ya rasu, ta zauna a ɗakinta. Ba ta da kowa a kusa sai Allah, sai sana'arta ta awara. Kun san awara dai. A jiƙa waken suya, a markaɗa, a tace, a tafasa madarar, a zuba ruwan tsami ta dunƙule, a matse, a yanka, a soya. Awarar Gwaggo kuwa ta yi suna. Taushi gare ta, ga yajinta mai tafarnuwa. Teloli, masu faci, malaman makaranta, kowa da hantsi yana aikawa gidan Gwaggo.

Da yake gwiwoyinta sun gaji, ba ta iya tsayuwar layi, sai Sallau ya yi mata wani alheri. Ya ce, “Gwaggo, markaɗen farko naki ne. Ko mace goma na tarar a bakin rumfa, sai na fara da bokitinki.” Haka kuwa aka yi shekara da shekaru. Ku riƙe wannan a ranku, za mu dawo kansa.

Sai wata bazara ta zo, mai zafi irin wanda ƙarfe ma in ka taɓa da dare da ɗuminsa. Sai aka fara jin ƙishin-ƙishin. Wane ya ci awarar Gwaggo, bai kai azahar ba ya kama amai. Wance ta ci, ita ma haka. Amma ba kullum ba. Yau a ci lafiya, gobe a ci lafiya, jibi a kwashi mutane. Har ranar da 'yar wani tela ta galabaita, aka kai ta asibiti aka yi mata ƙarin ruwa. Allah Ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Amma hankali ya tashi.

Yanzu ku ji yadda mutane suka yi lissafinsu, don lissafin nan ni da ku duk za mu iya yin sa. Suka ce, awara sau biyu take shiga wuta. A tafasa ta, a kuma jefa ta cikin tafasasshen mai. Wace cuta ce za ta shiga wuta sau biyu ta fito da rai? Ai wuta ba ta barin komai. Ba shi ya sa muke ɗumama tuwon jiya mu ci hankali kwance ba? To abin da wuta ta kasa kashewa, ba cuta ba ce. Sa hannu ne.

Sai wata mai kaifin lura ta ƙara da nata. Ta ce, “Ni fa na lura da wani abu. Duk ranar da aka ɗauke wuta tun da yamma aka kwana a duhu, to washegari ne awarar ke kayar da mutane.” Kowa ya tuna baya. Wallahi haka ne! Sai wani ya ce a hankali, “To ai su da duhu suke aiki.”

Kun ji yadda ake haifar kalma? Ba wanda ya faɗe ta da ƙarfi a ranar. Amma kafin mako ya zagayo, yara suna ganin Gwaggo Yalwa suna watsewa, iyaye mata suna jan 'ya'yansu cikin gida. Matar da ta yi wa rabin matan unguwar nan wankan jego, sai ga shi ana ce mata mayya. In wani mai sanyin zuciya ya ce a yi hattara, sai a ce masa, “Kai dai bari, ruwa ba ya tsami banza.”

Magana ta kai gaban mai unguwa. Mai unguwa mutum ne mai son zaman lafiya, kuma a ganinsa ya yanke hukuncin adalci. Ya ce, “Gwaggo ta dakatar da awara. Mu zuba ido. In an ci gaba da amai bayan ta daina, to ba ita ba ce, mu ba ta haƙuri. In kuwa abin ya tsaya cak, to kowa ya ga zahiri, sai ta tattara kayanta ta bar mana unguwa.” Jama'a suka ce madalla, hukunci ya yi.

Ta bar unguwa ta tafi ina? Ba wanda ya tambaya. Mai tambayar yana rumfarsa.

Washegari da sassafe Sallau ya zo buɗe rumfa, sai ya tarar da Gwaggo zaune a kan bencin da ta saba zama. Ba bokiti a hannunta.

Ya durƙusa ya gaishe ta. Ya ce, “Gwaggo, lafiya da sassafen nan?”

Ta ce, “Ƙafata ce ta kawo ni, ɗan nan. Ta saba. Sai da na zauna na tuna ba ni da abin markaɗawa.” Sannan ta ce, “Ka ji wai da duhu nake aiki. Ni da ko fitilata ta mutu sai na yi ta karanto addu'a don tsoro.”

Sallau ya ji tausayi ya kama shi, har idonsa ya kawo ruwa. Amma kun san hali, ko cikin tausayi tambaya ba ta barinsa. Ya ce, “Gwaggo, ni abin da ya hana ni barci ke nan. Me ya sa duhu? Ke ba da lantarki kike tafasa madara ba, da itace ne. Ba da lantarki kike suya ba. Me ya haɗa awararki da ɗauke wuta?”

Ta ce, “In ka gano ka gaya min, ni ma ina so in sani.” Ta dogara sandarta ta tafi.

Ya tsaya yana juya maganar. Waken da take jiƙawa bai san an ɗauke wuta ba. Murhunta bai sani ba. Kaskonta bai sani ba. A duk hanyar da awarar nan ke bi, daga buhu zuwa bakin mai ci, mene ne abu guda da ya san an ɗauke wuta?

Ku ma ku yi tunani. Na ga wasu sun fara gyaɗa kai.

Sallau ya waiwaya, ya ga injinsa.

Ga yadda abin yake. A ranar da wuta ta kai shi har tashi, in ya gama markaɗen ƙarshe, sai ya yi ta kwarara ruwa a cikin inji yana juyawa, har ruwan ya riƙa fitowa garai-garai. Wankin inji ke nan, kuma sai inji na juyawa yake yiwuwa. Amma ranar da aka ɗauke wuta yana tsakiyar aiki, inji ya tsaya da ƙullu a cikinsa. Mai markaɗen ta kwashi abin da ya samu ta tafi wani wuri, shi kuma ya goge baki da saman inji tas, ya rufe rumfa, ya ce sai gobe. Da safe in wuta ta dawo, ya watsa ɗan ruwa, ya ɗora aiki. Kuma bokitin wa ke shiga farko?

Jiya ma haka aka yi, an ɗauke wuta yana tsakar markaɗa wake. Ya ɗauko sifana, ya kwance notuna, ya buɗe murfin da ke rufe haƙoran inji, wato ƙarafan nan biyu da ke murje hatsi. A bayansu, a lungun da ido ba ya kaiwa, sai ga ƙullun jiya cunkushe, ya kwana cikin zafin kwano, ya yi yauƙi. Ba wani wari mai yawa, ɗan bashi ne kawai. Sallau ya ce, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.”

Ya mayar da murfi ya ɗaure, bai taɓa komai ba. Ya ce wa matan da suka fara taruwa, “Ku yi haƙuri, yau ba aiki.” Ya sa kwaɗo ya tafi gida, ya kwashe labari ya gaya wa Asabe.

Asabe ta dafe ƙirji. Da ta nutsu sai ta ce, “To alhamdu lillahi da ka gano da kanka. Koma yanzun nan ka kwance shi, ka wanke shi da ruwan zafi, ka yi istigfari. Daga yau kada ka ƙara barin ƙullu ya kwana. Shi ke nan, cuta ta ƙare. Wa ya gani? Allah mai gafara ne, kuma ba da gangan ka yi ba.”

Kada ku zagi Asabe. Na ga wani yana taɓe baki. Asabe ba muguwa ba ce, tuwon gidanta a cikin injin nan yake. Kuma ku duba maganarta da kyau: ta ce ya gyara, ta ce ya tuba, ta ce kada ya ƙara. Ina laifin wannan? In da ni aka kawo wa fatawa a gurguje, ban ji ƙarshen labari ba, ina tsoron da na ce Asabe ta yi daidai.

Sallau ya ce, “Asabe, in na wanke shi a ɓoye, aman zai tsaya ko ba zai tsaya ba?”

Ta ce, “Zai tsaya mana. Ba abin da ake so ke nan ba?”

Ya ce, “To me mai unguwa ya ce za a yi in ya tsaya?”

Nan Asabe ta gane inda ya dosa.

Ya ce, “Kin gani? In ban wanke ba na ci gaba da aiki, wata ce za ta zama ta farko, 'ya'yan wasu su kwanta, wataƙila a rasa rai. In na wanke na yi shiru, unguwa ta samu lafiya, kowa ya ce kun gani, tun da aka hana tsohuwar nan aka huta. Da hannuna zan zama shaidar da za a kore ta da ita. Da ruwan wankin injina za a tabbatar mata da maita.”

Gaba kura, baya sayaki. Ku saurara, don nan ne gwajin yake.

Asabe ta yi ƙoƙarin ƙarshe. Ta ce, “Ai ba ka tabbatar ba. Zato kake yi. Ba an ce wuta tana kashe komai ba? Ko da ƙullun ya lalace, ai an tafasa, an soya.”

Ya ce, “Gaskiyarki, wannan ni ma ya ɗaure min kai. Shi ya sa ba zan wanke ba sai an duba. Zan je wurin Malam Haladu.”

Malam Haladu shi ne duba-garin wannan yanki. Mutumin kirki ne, amma kun san yadda masu sana'ar abinci suke da duba-gari: in aka hango shi a farkon layi, kafin ya kai tsakiya an share ko'ina. Ba a zuwa wurinsa, shi ke zuwa. Da Sallau ya yi sallama a ofishinsa ya ce, “Ranka ya daɗe, na zo ne ka je ka duba injina, ina zargin kaina,” sai Malam Haladu ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce, “Tun da na fara aikin nan, yau na ga kaza ta zo neman shaho.”

Ya saurari bayani har ƙarshe. Ya ce, “Ka zo a kan gaɓa. Ba a daɗe ba aka kawo mana wasu kayan gwaji na gaggawa, aka koya mana aiki da su. Da can sai mun aika samfur birni mu yi ta jira. Wannan kuwa a yini guda yake nuna alama. Kawo makullin, in je in ɗebo a hankali ba wanda ya sani.”

Sallau ya ce, “A'a, ranka ya daɗe. A gaban mutane aka ɓata ta. A gaban mutane nake so a yi.”

Aka kira mai unguwa, aka kira Gwaggo Yalwa, jama'a kuwa ba sai an kira su ba. Aka taru a inuwar dalbejiyar da ke gaban rumfa. Gwaggo ta zauna ita kaɗai a gefe, an bar fili tsakaninta da mutane.

Malam Haladu ya buɗe 'yar akwatinsa. Ya sa aka kawo masa waken da ya rage a jiƙe a gidan Gwaggo, da ruwan tsaminta. Sannan Sallau da kansa ya kwance inji a gaban kowa, Malam Haladu ya kankaro ƙullun nan na lungu. Ya zuba kowanne a 'yar kwalbarsa mai wani ruwa a ciki, ya girgiza, ya rufe, ya ce sai a ba su lokaci zuwa la'asar.

To kun san Sallau. Mutuncinsa ne a cikin kwalba, amma bakinsa bai mutu ba. Ya tsuguna kusa da akwatin ya ce, “Ranka ya daɗe, me ya sa sai an jira?”

Malam Haladu ya ce, “Abin da muke nema ƙanƙane ne, ido ba ya ganinsa. Wata ƙwayar cuta ce da ke cikin ƙasa da ƙura, tana biyo hatsi da wake. In ta samu jiƙaƙƙen abu mai ɗumi ya daɗe a ajiye, sai ta yi ta hayayyafa. Muna ba ta lokaci ne ta nuna kanta.”

Ya ce, “To in tana nan, me ya sa wuta ba ta kashe ta ba? Sau biyu fa awara ke shiga wuta.”

Jama'a suka matso, don tambayar kowa ce.

Malam Haladu ya ce, “Ni ma kafin a koya mana haka na ɗauka, wuta tana gama komai. Ashe ita wannan, yayin da take zaune cikin ƙullu, wani dafi take zubarwa. Wuta za ta iya kashe ta, amma wani dafin nata wuta ba ta karya shi. Malam Sallau, in kunama ta harbe ka, ka sa takalmi ka murje ta, zafin ya daina?”

Sallau ya ce, “Ina! Ai sai ya yi kwanansa.”

Ya ce, “To haka ne. Kunamar ta mutu, harbin yana nan.”

Wani dattijo a baya ya ce, “To ɗumamenmu fa?” Aka ɗan yi dariya, dariyar da ba ta kai ciki ba. Malam Haladu ya ce wannan zancen wata rana ne, amma dai kada a bar dafaffen abinci ya yini ya kwana cikin zafi a dogara da ɗumamawa.

Da aka idar da la'asar aka dawo. Malam Haladu ya fito da wasu 'yan robobi farare, irin waɗanda kuka sani na gwajin zazzaɓin cizon sauro. Ya ce, “Layi ɗaya, ba a ga komai ba. Layi biyu, akwai.” Ya ɗiga na waken Gwaggo. Aka zuba ido. Layi ɗaya. Ya ɗiga na ruwan tsaminta. Layi ɗaya. Ya ɗiga na inji.

Sallau ne mafi kusa, don haka shi ya fara gani. Layi na farko ya fito. Sannan a ƙasansa wani ya fara bayyana, dishi-dishi, ya yi ta ƙara duhu har ba mai musu. Malam Haladu ya ce, “Wannan gwajin gaggawa ne, zan aika birni a ƙara tabbatarwa. Amma alama ta nuna inda za a duba.”

Sallau ya miƙe tsaye. Mutumin da ko a masallaci ba ya ɗaga murya. Ya ce, “Jama'a, gani ya kori ji. Ba Gwaggo ba ce. Ni ne. Duk ranar da aka ɗauke wuta, ƙullu yana kwana a injina, ni kuma na kan fara da bokitinta. Duhun da kuka lura da shi gaskiya ne, amma a rumfata yake aiki. Wanda ya kwanta, wanda ya kai ɗansa asibiti, ni ne sanadi. Ku yafe mini. Ita kuwa ba ta da laifin komai, sai dai na yardar da ta yi da ni.”

Kuna tsammani tafi aka yi masa? Kai, ba ku san mutane ba. Telan nan da 'yarsa ta sha ƙarin ruwa ya yi tsalle ya shaƙi wuyan rigarsa, sai da aka ɓanɓare shi. Mata suka ce ashe ƙazami ne, mu da muke ganinsa kamar na Allah. Bakunan da jiya suke kan Gwaggo, yau suka juyo kansa, ko hutawa ba su yi ba. Malam Haladu kuma bai yi masa sassauci don ya kawo kansa ba. Ya rufe rumfar, ya ce sai an kwance inji gaba ɗaya an wanke, an sake gwadawa. Sallau ya ce daidai ne.

Gwaggo Yalwa kuwa ta dubi 'yar robar nan mai layi biyu, ta dubi Sallau, ta dogara sandarta ta shige gida.

Kwanaki suka wuce. Sakamakon birni ya dawo ya gaskata na farko. Aka wanke inji, aka sake gwadawa, layi ɗaya. Malam Haladu ya koya wa Sallau ya riƙa kwance haƙoran yana wankewa da hannu kowace yamma, da wuta ko ba wuta, ya kuma zagaya ya gaya wa sauran masu inji na garin. Aka buɗe rumfa. Amma mata sun riga sun koma wani injin a ƙetaren titi. Sallau ya san da wuya ya ga bokiti ko ɗaya.

Da sassafe ya iso, sai ya hangi mutum a kan benci. Gwaggo Yalwa ce, ga bokitin jiƙaƙƙen wake a gabanta.

Ya durƙusa, ya kasa ɗaga kai. Ya ce, “Gwaggo, da wane ido zan dube ki? Alherin da na ce ina yi miki, shi ya jawo miki wannan.”

Ta ce, “Tashi ka kunna inji, rana tana yi.”

Ya ce, “To bari in fara markaɗa wani abu nawa, in ya so naki ya biyo baya.”

Ta ce, “Ba ka ce na farko nawa ne ba? Ko ka janye?” Ta tura bokitin da ƙafa. Sannan ta ce, “Ɗan nan, bari in gaya maka abin da ke ba ni mamaki, tunda kai mai son tambaya ne. Duk unguwar nan, waɗanda suka ce min mayya, har yau ba wanda ya tako ƙofata ya ce Gwaggo yi haƙuri. Suna gaishe ni dai, kamar ba a yi komai ba. Mutum ɗaya ne ya nemi gafarata, shi ne wanda bai taɓa faɗa ba. To me ya sa?”

Sallau Me-ya-sa ya tsaya da bokiti a hannu. Ya kunna inji.

To jama'a, tambayar Gwaggo ta iso gare mu, mu za mu amsa ta.

Darasin a fili yake. Laifin da ke tsakaninka da Ubangijinka, wanke shi a ɓoye, Allah Yana son mai sitirta kansa. Amma laifin da wani yake ɗauke da shi a madadinka, wanda ake zagin wani a kansa, ake ƙyamar wani a kansa, wannan ba ya wankuwa a ɓoye. In ka gyara ka yi shiru, gyaran naka ma sai ya zama shaida a kan marar laifi. Kai da ka fasa abu a wurin aiki aka tuhumi na ƙasa da kai, ka daina fasawa ba ta wadatar ba. Ke da kika ɓatar da abu a gida aka doki wata, addu'a kaɗai ba ta biya ba. Sai ka je ka ce ni ne.

Sannan wannan magana ta kunama, ku tafi da ita gida. Mu ma muna da tamu wutar da muke cewa tana kashe komai. Mu yi da mutum, mu laƙaba masa abin da ba mu gani ba, sannan mu zo nan mu ce astagfirullah, mu ɗauka an tafasa an soya, an gama. Istigfari gaskiya ne, yana kashe kunamar. Amma harbin yana jikin wanda ka harba, yana kwana da shi, yana tashi da shi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mutanen unguwar nan sun lura da duhu, sun lura da ranaku, lissafinsu bai yi kuskure ba. Abu guda suka kasa, ba wanda ya ce bari in waiwaya in duba rumfata.

Ni ban san wace Gwaggo Yalwa ce a unguwarku ba. Kai ka sani. Ka san sunanta, ka san ƙofarta, ka san abin da ka faɗa. In mun sallame isha'i, kafin ka bi hanyar gidanka, bi ta can tukuna.

Allah Ya ba mu ikon buɗe namu injin tun kafin ranar da za a buɗe mana shi a gaban kowa. Ladan, bismillah, lokaci ya yi.